Allo, Alli da Gardama: Rayuwa a Sashen Lissafi na Jami'a

 

Akwai wata tambaya da malaman lissafi na jami'a suka saba ji a wurin ɗaurin aure ko wurin suna. Da zarar an ce wane Dakta ne a lissafi, kuma bincike yake yi, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "To shi lissafi me ya rage a cikinsa da za a bincika? Ai biyu da biyu huɗu ne tun kaka da kakanni." Akan yi dariya a wuce. Amma tambayar tana da ma'ana, kuma hanya mafi sauƙi ta amsa ta ita ce mu leƙa ɗakin da ake yin aikin.

Idan ka shiga sashen lissafi, ko a Zariya ne, ko Kano, ko Sakkwato, ko Yamai, tsaya a gaban allon sanarwa. Tsakanin sakamakon jarrabawa da jadawalin lakca za ka iya cin karo da wata 'yar takarda: rana kaza, ƙarfe kaza, wane zai gabatar da aikinsa. Wannan zama shi ne samina. Ɗaki ne ƙarami, mutanen ciki ba su cika wuce ashirin ba, wata rana ma goma ba ta cika. Mutum ɗaya zai tsaya gaban allo kamar awa guda yana bayanin sabon abin da ya gano, ko wanda yake zaton ya gano. Sauran kuma aikinsu su nemo inda ya yi tuntuɓe.

Kowane sashe na jami'a yana yin samina, amma a lissafi nauyinta daban ne. Masanin aikin gona idan ya ce sabon irin dawa ya fi jure fari, akwai gonar gwaji a Samaru, a shuka, kaka ta raba gardama. Mai haɗa magunguna yana da ɗakin gwaji da kwalabensa. Shi mai lissafi abin da ya mallaka hujja ce kawai, wato jerin dalilai, wannan ya haifi wancan, tun daga abin da kowa ya yarda da shi har zuwa sabon abin da yake iƙirari. Wurin gwada hujja kuwa shi ne kan wani mutum da ya san fannin, wanda zai bi ta layi bayan layi yana neman ɓaraka.

Wani zai ce, to a gwada da misalai mana, in abu ya yi daidai sau goma, sau ashirin, ai magana ta ƙare. Bari in ba ku dalilin da ya sa masu lissafi ba sa yarda da haka. Wanda yake kusa da biro da takarda ya jawo su.

Akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Goro bakwai ba za ka raba wa mutum biyu ko uku daidai wa daida ba sai ka fasa wani. A shirin nan za mu riƙa kiransu lambobi marasa rabuwa. A shekarar 1772 wani shahararren masani mutumin Suwizalan, Leonhard Euler, ya lura da wani abu. Ɗauki lamba, ka ninka ta da kanta, ka ƙara mata ita lambar, sannan ka ƙara 41. Idan ka fara da 1 za ka sami 43, ba ta rabuwa. Da 2 ka sami 47, ba ta rabuwa. Da 3 ka sami 53. Haka za ka yi ta tafiya, goma, ashirin, talatin, har 39, kowace amsa mara rabuwa ce. Duk wanda ya kai nan zai iya rantsuwa cewa ya gano doka. Sai ka sa 40, amsa ta fito 1681, ita kuwa 41 sau 41 ce. Dokar ta rushe a mataki na arba'in. Akwai zace-zacen da ba sa rushewa sai an kai lambobin da baki ba zai iya faɗa ba. Shi ya sa a samina ba a tambayar mutum sau nawa ya gwada. Ana tambayarsa dalili.

To yaya dalilin yake? Mu yi 'yar saminarmu a nan. Tambaya ita ce, lambobi marasa rabuwa suna da ƙarshe, ko ba su da shi? Amsar tana cikin littafin Iƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta ƙasar Masar wajen shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ce wani ya zo da jeri ya ce waɗannan su ke nan, babu sauran wata. Sai ka ninka su duka da juna, ka ƙara ɗaya. Misali 2 sau 3 sau 5 talatin, da ɗaya 31. Raba 31 da 2, saura ɗaya. Raba da 3, saura ɗaya. Raba da 5, saura ɗaya. Duk tsawon jerin da aka kawo maka, sabuwar lambar za ta bar saura ɗaya a kan kowace lamba ta cikinsa.

A nan ne mai gaggawa zai ce, "Ke nan sabuwar lambar mara rabuwa ce," ya juya zai goge allo. Sai hannu ya tashi daga kujerar baya. Wani ɗalibi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a gwada da 2, 3, 5, 7, 11 da 13." Aka ninka, aka ƙara ɗaya, aka sami 30,031. Ita kuwa wannan lamba tana rabuwa, domin 59 sau 509 ce. Malam ya yi shiru, ya dubi allo. Hujjar ba ta mutu ba, amma an faɗe ta ba daidai ba. Abin da ya kamata a ce shi ne, ko dai sabuwar lambar ita kanta mara rabuwa ce, ko kuma akwai wata mara rabuwa da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin, kamar yadda 59 ba ta ciki. Ta ko'ina aka bi, jerin bai cika ba, saboda haka ba su da ƙarshe. Kun ga, jumla ɗaya aka gyara, kuma wanda ya gyara ta shi ne ƙaramin cikinsu a ɗakin. Wannan shi ne aikin samina, kuma haka yake ko da abin da ke kan allo ya fi wannan wuya sau dubu.

A wasu ƙasashe wannan katse magana ya zama al'ada mai ƙarfi. A Jami'ar Mosko akwai wani babban masani, Israel Gelfand, wanda ya fara samina a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya kuma riƙe ta kusan rabin ƙarni, kowace Litinin da yamma. Zaman yakan kai awa uku ko huɗu. Da wuya mai gabatarwa ya yi minti goma Gelfand bai tare shi ba. Yana da wata dabara kuma: yakan zaɓi ɗalibi ɗaya daga cikin masu sauraro, can ana cikin bayani sai ya tashe shi ya ce ya maimaita abin da aka faɗa. In ɗalibin ya kasa, sau da yawa mai bayanin ake sa wa ya koma baya. Mutane da dama sun ce Gelfand yana da zafi, har da cin fuska, kuma ba na ba kowa shawarar ya kwaikwayi wannan ɓangaren. Amma daga ɗakin nan manyan masana lissafi na Rasha masu yawa suka fito.

Mu kuma a nan muna da tamu tarbiyyar. An rene mu kan cewa yaro ba ya katse babba, ba ya kallon idonsa ya ce masa ka yi kuskure. Tarbiyya ce mai kyau, ita ta riƙe gidajenmu. Sai dai idan aka shiga da ita ɗakin samina ba tare da gyara ba, abin da ake samu shi ne Farfesa ya yi awa guda yana rubutu, kowa ya gyaɗa kai, a tafa, a tashi, alhali rabin ɗakin sun ɓace tun minti na biyar, wani kuma ya ga kuskure ya haɗiye. Ni a ganina ba sai mun je Mosko aron hali ba. Ku dubi sallar tarawihi. Liman dattijo ne mai daraja, amma in ya tsallake aya, yaro mahaddaci ɗan shekara goma sha biyar da ke sahun baya zai ɗaga murya ya gyara masa, liman ya karɓa ya ci gaba, kuma bayan sallama babu mai cewa yaron ya yi rashin kunya. Kowa ya san karatun ya fi liman girma. Ladabin yana cikin yadda aka yi gyaran, ba a cikin yin shiru ba.

Bari in ba ku labarin saminar da ta fi kowace shahara a zamaninmu. Kun san 3 sau 3 tara ce, 4 sau 4 sha shida, in an haɗa 25, ita kuma 5 sau 5 ce. Wajen shekarar 1637 wani lauya Bafaranshe mai sha'awar lissafi, Pierre de Fermat, ya rubuta a gefen wani littafi cewa idan aka ninka kowace lamba da kanta har uku, ko huɗu, ko fiye, maimakon biyu, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su yi irin wannan daidaito ba. Ya ce yana da hujja, amma gefen shafin ya yi masa kaɗan. Ya mutu bai bar hujjar ba. Sama da shekara 350 manyan masana suna fama, abu ya gagara.

A watan Yuni na 1993 aka yi wani taro a Cibiyar Newton da ke Kambirij a Ingila. Wani Bature ɗan Ingila mai koyarwa a Jami'ar Firinston ta Amurka, Andrew Wiles, ya nemi a ba shi lakca uku a kwana uku. Kan maganarsa bai ambaci Fermat ba ko kaɗan. Ashe shekara bakwai ya yi yana aiki a ɓoye a wani ɗaki a saman gidansa. Ranar farko masana suka fara shinshino inda aka dosa, rana ta biyu raɗe-raɗi suka cika gari, ranar 23 ga wata ɗakin ya cika har da na tsaye. Ya rubuta layin ƙarshe, aka ɓarke da tafi, kashegari jaridun duniya suka ɗauka.

Inda labarin ya fi amfani a gare mu shi ne abin da ya biyo baya. Tafi ba ya tabbatar da hujja. Aka raba rubutun, mai shafi wajen 200, ga masana shida su tantance. Ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, abokin Wiles ne, a sashe ɗaya suke. Ya yi ta aiko da ƙananan tambayoyi ana amsa masa, har ya zo kan wata da ba ta amsu ba. Akwai rami a tsakiyar hujjar. Ku auna halin da mutumin nan ya shiga, duniya ta gama yi masa barka, ga kuma rami. Bai ce abokinsa ya ci amanarsa ba, bai kuma ce a rufa masa asiri ba. Ya sanar da cewa akwai matsala, ya kira tsohon ɗalibinsa Richard Taylor suka duƙufa. Sai ranar 19 ga Satumba 1994, yana gab da sallamawa, ya gano mafita. A 1995 aka buga aikin. Da a ce kunya ta hana Katz nanata tambayarsa, da an buga hujja mai rami, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani baƙo ne zai tono ta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, ga wanda ya kama mu yanzu, muna magana ne kan rayuwa a sashen lissafi na jami'a. Yanzu mu dawo gida mu ga yadda ranar malamin lissafi take.

Sashen lissafi yana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaukar kaya. Duk ɗalibin kimiyya, da na injiniya, da mai shirin karatun likita, sai ya bi ta hannunsu a ajin farko. Malami ɗaya zai tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai, wata rana ba lasifika, ya fito murya ta dushe, riga ta yi fari da alli. Bayan jarrabawa ga tulin takardu na jiran maki. Ga ɗaliban ajin ƙarshe da furojet ɗinsu, ga na digiri na biyu da na uku kowa na jiran sufabaiza ya duba masa babi, ga taron kwamiti. In an ɗauke wuta kuma aiki ya tsaya. Shi kuwa bincike a lissafi yana son abin da ya fi komai tsada a irin wannan rayuwa, wato awoyi masu tsawo da mutum zai zauna shiru da matsala ɗaya, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan ga yajin aikin malaman jami'a. Na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas. Samina aba ce da ke rayuwa da sabo, mako bayan mako. In an rufe makaranta wata takwas, ba rana ɗaya sabon ke dawowa ba.

Sai maganar ƙarin girma. Daga mataimakin malami zuwa lakcara, zuwa babban lakcara, har a kai Farfesa, abin da ake ƙirgawa shi ne yawan maƙalun da mutum ya buga. A lissafi, mujalla ta ƙwarai takan riƙe maƙala shekara guda ko fiye tana tantancewa, ƙarshe ma ta iya mayar maka da ita. A gefe guda kuma ga wasu mujallu na 'yan kasuwa a intanet, ka biya kuɗi yau, mako mai zuwa aikinka ya fito, ba wanda ya karanta shi. Malami mai iyali, wanda ƙarin albashinsa ya rataya a kan ƙirga, kun san jarrabawar da ke gabansa. Ba na zargin kowa. Amma sashen da saminarsa ke raye yana da rigakafi, domin wanda ya san zai tsaya gaban abokan aikinsa ya kare abin da ya rubuta, ba zai yi saurin aika shirme ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda a wurare da yawa samina ta koma shingen da ɗalibi ke tsallakewa kawai. Ɗalibin digiri na biyu zai gabatar da shirin bincikensa, daga baya ya gabatar da sakamako, sannan ya kare kundinsa gaban mai jarrabawa na waje. Duk wannan daidai ne. Amma in ɗalibai ne kaɗai ke tsayawa gaban allo, manya kuma kullum suna kujerar alƙalai, to ɗalibi zai tashi da tunanin cewa tambaya bulala ce. Ranar difens sai ka ga hankalinsa ya rabu biyu, rabi kan hujja, rabi kan ko lemo da abin taɓawa da ya kawo za su isa. Tambayoyin ma wani lokaci ba sa wuce girman rubutu da yadda aka jera sunayen littattafai. Ɗalibin da bai taɓa ganin Farfesansa ya maƙale a gaban allo ba, ya ce "wannan ban sani ba, bari in je in duba," an hana shi darasi mafi girma na wannan sana'a.

Wani abu kuma shi ne majigi. Yanzu kowa da kwamfutarsa, shafi sittin cike da alamomi, yana latsawa suna wucewa kamar walƙiya. Masu lissafi da yawa a duniya har yau allo da alli suka fi so, ba don ƙin zamani ba. Hannu ba ya gudu fiye da tunani, saboda haka mai sauraro yana iya bin ka. Lokacin da wani kamfanin alli na Japan mai suna Hagoromo ya sanar da zai rufe a 2015, sai da farfesoshi a Amurka suka riƙa sayen kwalaye suna ɓoyewa.

Tunda mun zo kan allo, ga wani labari da ake yawan bayarwa. A watan Oktoba na 1903, a taron ƙungiyar masu lissafi ta Amurka, aka kira wani malami, Frank Cole, ya gabatar da maƙala. Ya tashi bai ce uffan ba. A gefe ɗaya na allo ya jera 2 guda 67 ya ninka su da juna, ya cire ɗaya, ya sami wata ƙatuwar lamba mai gurbi 21, wadda wani malami Bafaranshe, Mersenne, ya taɓa cewa ba ta rabuwa. A ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 da hannu. Amsoshin biyu suka zo ɗaya. Ya koma ya zauna, aka tashi ana tafa masa. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe kafin ya samo lambobin nan biyu. To dattijonmu mai tambayar amfanin bincike, ga amsa ɗaya: ninka lambobi biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka amsar a ce ka nemo su, aiki ne ja. A kan wannan bambanci aka gina wani tsarin kulle saƙo a 1977, kuma irinsa na cikin abin da ke tsare bayanan banki a intanet. Amsa ta biyu ta fi kusa da mu. A 1911 Ronald Ross ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe kowane sauro za a karya zazzaɓin cizon sauro a gari ba, in an rage yawansu ƙasa da wani mizani cutar za ta ja baya da kanta. Yau in ka shiga samina a jami'o'inmu, da wuya zango ya wuce ba ka ji wani ɗalibi na gabatar da irin wannan lissafi kan kwalara, ko ƙyanda, ko tarin fuka ba.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan fage na wasu ne. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna nazarin aikinsa. A zamaninmu akwai Farfesa Iya Abubakar, mutumin Adamawa, wanda ya bi ta Kwalejin Barewa da Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Mata kuma su tuna da Grace Alele-Williams, wadda ta fito daga fagen koyar da lissafi ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya a 1985, da Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar yabo ta Fields a lissafi, a 2014.

Ƙofofi ma sun fi da yawa. Tun 1991 akwai wani rumbu a intanet mai suna arXiv inda masana ke ajiye sababbin maƙalunsu, kowa ya karanta kyauta. Tun lokacin korona a 2020 saminoni da dama na manyan jami'o'i suka koma ana yin su ta intanet ko ana ajiye bidiyonsu, wanda ke Gusau ko Damagaram in yana da data zai iya kallo. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda kusa da Abuja. Akwai cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, tana ɗaukar ɗaliban Afirka digiri na biyu da tallafi. Akwai cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 domin masana daga ƙasashe masu tasowa.

Kuma wannan fage ba ya tambayar daga ina ka fito. A 2013 wani malami ɗan asalin ƙasar Sin, Yitang Zhang, yana da shekara 58, ƙaramin lakcara ne a Jami'ar New Hampshire, kusan ba wanda ya san shi, har ya taɓa aiki a shagon sayar da abinci saboda rashin gurbi a jami'a. Ya aika wa babbar mujalla hujjar cewa komai nisan da aka yi a ƙirga, ba za a daina samun lambobi marasa rabuwa guda biyu da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Masu tantancewa suka bi ta da ƙwaƙƙwafi ba su sami aibi ba, cikin 'yan makonni aka karɓa, manyan jami'o'i suka shiga gayyatarsa ya zo ya yi samina. Wasu masana suka ɗora a kan aikinsa, kafin ƙarshen 2014 miliyan 70 ta sauko zuwa 246. Abin da ake nema shi ne 2, kamar tazarar 11 da 13, ko 17 da 19. Har yanzu ba wanda ya kai.

Kai ɗalibi da ke saurarenmu, ke ɗaliba, in kun ga takardar nan a allon sanarwa ku shiga, ko kuna aji biyu ne. Za ku ɓace bayan minti goma. Kada wannan ya dame ku, Daktan da ke gefenku ma in ba fanninsa ba ne bai fi ku da yawa ba. Ku fito da abu ɗaya da kuka kama, ko da sunan wata matsala ce, ku je ku bincika. In za ku yi tambaya, mafi amfani ita ce mafi sauƙi: "Malam, a ba mu ƙaramin misali." Sau da yawa rabin ɗakin ita suke so su yi. Shugabannin sassa kuma, abin ba ya cin kuɗi. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya kowane mako, kada a ɗaga don taron kwamiti, a yi ko mutum biyar ne suka zo, a yarda mutum ya kawo aikin da bai ƙarasa ba, kuma makon farko na zango babban Farfesan sashen ne ya kamata ya fara riƙe alli.

Kafin mu rabu ga aikin gida daga fagen malamin Katsina. Ku zana hatimi mai gida tara, uku a tsaye uku a kwance. Ku zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, yadda kowane layi, na tsaye da na kwance da na karkace, zai ba da 15. Da ɗan lalube za ku samu, kuma za ku tarar 5 ce a gidan tsakiya. Tambayar ita ce, me ya sa dole sai 5? Me ya hana 4 ko 6 zama a wurin? Ku zauna da yaran gida ku yi ta gardama a kai, mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu fara da ita.